Babi Na Uku: Ɓoyon Sirri da Jan Rai a Ƙagaggun Labaran Soyayya na Hausa

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin ƙagaggun labarai na Hausa, tun daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Rupert East, har zuwa bunƙasar littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ga wani rukuni na labaran soyayya, wato waɗanda marubuci ke tafiyar da ƙaunar saurayi da budurwa tare da wani ɓoyayyen al'amari, ta yadda mai karatu ba zai san makomar ƙaunar ba sai an tone abin da aka binne.

Tun daga 1991, lokacin da muhawara ta taso a shafin adabi na jaridar Nasiha ta Kaduna wanda Ibrahim Sheme ke kula da shi, har zuwa musayar ra'ayin da aka yi tsakanin Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da wasunsu a jaridar New Nigerian ta mako-mako, mafi yawan abin da aka tattauna ya tsaya ne a kan jigon soyayya da ingancin rubutu da kuma tasirin littattafan ga tarbiyyar matasa. Zubin labaran bai sami irin wannan kulawa ba. Don haka wannan babi zai yi ƙoƙarin nuna abubuwa biyu. Na farko, ɓoyon sirri a labarin soyayya na Hausa yana da tushe a cikin al'adar binciken aure. Na biyu, da wannan tushe ne za a iya auna littafin da ya ƙullu da wanda aka yi wa ɗori.

3.1 Ma'anar Jan Rai da Ɓoyon Sirri

Jan rai dabara ce da marubuci ke amfani da ita wajen jinkirta wa mai karatu abin da yake ɗokin sani, don ya ci gaba da bin labarin. Ɓoyon sirri kuwa shi ne sakaya wata gaskiya da ta shafi taurarin labari, kamar asalin wani, ko wanda ya aikata wani laifi, ko dalilin ɓacewar wani mutum. Ana iya samun jan rai ba tare da sirri ba, amma da wuya a sami sirri mai ma'ana da bai haifar da jan rai ba.

Akwai hanyoyi biyu na sarrafa sirri. A hanya ta farko ana ɓoye gaskiyar ga taurari da mai karatu baki ɗaya, sai a ƙarshe kowa ya sha mamaki. A hanya ta biyu ana sanar da mai karatu, a bar taurari cikin duhu. Alfred Hitchcock, mai shirya fina-finai ɗan Ingila, ya taɓa bambanta su da misalin bam da aka ɗana a ƙarƙashin teburin masu hira. Idan mai kallo bai san da shi ba, razanar ɗan lokaci kawai zai yi sa'ad da ya fashe. Idan kuwa ya ga lokacin da aka ɗana shi, to duk tsawon hirar zuciyarsa na bugawa.

A adabin Ingilishi wannan nau'i ya daɗe. A littafin Jane Eyre na Charlotte Brontë (1847) ranar ɗaurin aure ce aka gano cewa angon yana da mata a raye da ya ɓoye a cikin gidansa, auren kuma ya fasu nan take. A Rebecca na Daphne du Maurier (1938) amarya ce ke fama da inuwar matar mijinta da ta mutu, har gaskiyar yadda ta mutu ta bayyana. Abin lura a nan shi ne, sirrin da ya rusa aure a Jane Eyre ba zai haramta aure ga Musulmin Bahaushe ba, tunda an halatta masa mace fiye da ɗaya. Iyakarsa ya jawo ɓacin rai da zargin yaudara. Ke nan kowace al'umma da irin sirrin da ke girgiza aurenta, kuma marubucin da ya aro zubi daga waje dole ne ya nemo sirrin a gida.

3.2 Makera da Al'adar Binciken Aure

A al'adar Hausawa ba a ba da 'ya sai an yi bincike. Iyaye kan tura amintattu su gano asalin mai nema da sana'arsa da halinsa da addininsa, da ko akwai wata cuta ko abin kunya a danginsa. Dangin namiji su ma sukan yi nasu. Shari'a ta ƙarfafa wannan, domin akwai abubuwan da ɓoye su ke shafar ingancin aure. Aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta haramta aure saboda nasaba da shayarwa da surukuta. Littafin Risala, wanda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa, ya ambaci aibobin da ke ba da damar warware aure, kamar hauka da kuturta da albaras. Haka kuma ya yi bayanin matar da mijinta ya ɓata, wadda za ta jira shekara 4 bayan ta kai ƙara, sannan ta yi takaba. Kowanne daga cikin waɗannan hukunce-hukunce ƙofa ce ta labari ga marubuci.

A ƙauye ko tsohon birni binciken ba ya wahala, domin kowa ya san gidan kowa. Al'amarin ya sha bamban a wuri irin Makera, hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, wadda ita ce farfajiyar wannan nazari. Kaduna kanta sabon gari ce da Turawan mulkin mallaka suka mayar hedikwatar Arewa bayan sun taso daga Zungeru. Yankin Makera da Kakuri kuwa masana'antu ne suka cika shi da jama'a. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Daga baya masaƙun Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Ma'aikata suka kwararo daga Katsina da Sakkwato da Barno da Filato da Binuwai da kudancin ƙasar nan, suka zauna a gidajen haya, kowa da ɗakinsa, kowa kuma da tarihin da ya baro a garinsu.

A ɗauka wani ma'aikacin masaƙa ya ga 'yar mai gidan da yake haya, ya nemi aurenta. Uban yarinya ya san shi da salla da biyan kuɗin haya a kan lokaci, amma bai san ubansa ba, bai san ko ya baro mata da 'ya'ya a gida ba, bai kuma san abin da ya fito da shi daga garinsu ba. In ya ba shi ba tare da bincike ba ya yi cinikin biri a sama. In ya tsananta bincike kuma wataƙila ya tono abin da zai raba masoya. Wannan hali shi ne ainihin ƙashin bayan labarin soyayya mai sirri. Tambayar wa zai auri wa tana rataye ne a wuyan tambayar wane ne wannan mutum. Saboda haka mai karatu a Makera ba baƙon abu yake karantawa ba idan ya ci karo da tauraron da ba a san asalinsa ba. Rufe masaƙar KTL a 2002, da ƙaurar da iyalai da yawa suka yi zuwa wancan ko wannan gefen kogi bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, sun ƙara yawan mutanen da ke zaune nesa da waɗanda suka san tarihinsu.

3.3 Jiki Magayi

Daga cikin littattafai 5 na farko, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East shi ne ya ɗora labarinsa a kan soyayya. Abubakar da Zainabu suna son juna a garin Galma, sai attajiri Malam Shehu, wanda ke neman haihuwa ido rufe, ya yi amfani da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya shiga duniya neman asiri, ya sha wuya har ya samo. Asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shehu, yaron ya lalace ya zama ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa ba da saninsa ba. Da ya ji tushen al'amarin sai ya fita neman Abubakar, amma mutuwa ta riga shi.

Idan aka duba zubin littafin za a ga cewa marubutan sun bi hanya ta biyu da aka ambata a 3.1. Mai karatu ya raka Abubakar tafiyarsa, ya san abin da ya ƙulla. Malam Shehu kuwa yana kallon ɗansa na lalacewa bai san mafarin abin ba. Wannan ne ya sa kowace sata ta Kyauta take da nauyi biyu, domin mai karatu na ganin laifin yaro, yana kuma ganin hannun da ke bayansa. Bugu da ƙari, sirrin ya tsiro ne daga cikin soyayyar kanta. Da ba a raba Abubakar da Zainabu ba, da babu asiri, da babu kisan kai. In aka zare ɗaya, ɗayan ya rushe.

Sai dai kuma littafin bai cika sharaɗin wannan nau'i ba ta fuska ɗaya. Soyayyar ta tsaya tun a farkon labari, abin da ya biyo baya ƙiyayya ce da ramuwa. Ba a ga dangantakar masoya tana girma ko tana canzawa yayin da gaskiya ke bayyana ba. Zainabu, wadda a kanta aka yi rigimar, ba a ba ta fili sosai ta bayyana abin da ke ranta ba. Don haka za a iya cewa Jiki Magayi kaka ne ga wannan nau'i, ya aza harsashi amma bai yi rufi ba.

3.4 Littattafan 1980 zuwa 1982

Gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya ta haifar da littattafai 3 da aka buga a 1980, daga ciki har da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. A So Aljannar Duniya, Boɗaɗo 'yar Fulani ta kafe a kan Yasir duk da adawar danginta saboda bambancin asali. A nan an ga abin da Jiki Magayi ya rasa, wato mace mai faɗin son ranta da bakinta. Amma da marubuciyar ta so ƙara wa labarin ɗoki sai ta shigo da aljanu. Wannan ya dace da gadon tatsuniya, sai dai yana da illa ga bincike, domin matsalar da aljani ya ƙulla ba a warware ta da bin sawu da auna hujja, kuma mai karatu ba shi da damar yin hasashe tare da taurari.

Gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya kuma ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982. Na farko ya bi diddigin fasa-ƙwaurin Alhaji Gabatari da jami'in kwastan da ke farautarsa. Na biyu ya bi Mailoma da ƙungiyarsa ta 'yan ta'adda bayan yaƙin basasa. Waɗannan littattafai sun shigo da laifi irin na zamani da jami'an tsaro da bindiga cikin zuben Hausa, amma ba soyayya ce ginshiƙinsu ba. Ke nan zuwa 1982 an sami kayan haɗin guda biyu, kowanne a tukunyarsa. A daidai wannan lokaci ɗaliban sakandare na karanta littattafan James Hadley Chase da na Mills and Boon da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda a cikinsa Mohammed Sule na Kano ya fitar da The Undesirable Element a 1977. Ga kuma fina-finan Indiya masu yawan labarin 'yan'uwan da aka raba tun suna yara. Daga cikin waɗannan masu karatu da kallo ne marubutan da suka biyo baya suka fito.

3.5 Adabin Kasuwar Kano

Littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) yana daga cikin waɗanda suka fi karɓuwa a wannan zango. Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, ga kuma Abdulƙadir mai kuɗi da ke da goyon bayan kakarta. Da aka matsa mata sai ta faɗa rijiya. Jan ran wannan littafi mai ƙarfi ne, amma tushensa cikas ne a fili. Kowa ya san kowa, kowa ya san abin da ake jayayya a kai. Abin jira kawai shi ne wanda zai yi rinjaye. An kawo shi a nan ne don a bambanta jan rai na cikas da jan rai na sirri, domin sau da yawa akan cakuɗa su.

Alamar karkata zuwa ga sirri ta fito fili ko a sunayen littattafan wannan zamani. Bala Anas Babinlata yana da Ɗa Ko Jika?, sunan da shi kansa kacici-kacici ne a kan nasaba. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa tana da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Sirrin Ɓoye. Tun daga bango an yi wa mai saye alkawarin cewa akwai abin da za a nema.

Har ila yau yanayin kasuwa ya taimaka. Marubutan da suka taru a ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya a Kano, da kuɗinsu suke buga littattafansu. Saboda ƙarancin jari sai a kasa labari kashi biyu ko uku, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Wannan ya tilasta wa marubuci ya yanke kowane kashi a inda mai karatu ba zai iya haƙura ba, kuma babu abin da ya kai sirrin da aka kusa tonawa riƙe mutum. Tsarin bai mutu ba, ya dai sauya gida. Marubutan da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, su ba da farko kyauta su nemi kuɗi kafin ƙarshe, a kan wannan turba suke.

3.6 Nasara da Rauni

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ma'auni guda uku na tarken irin waɗannan labarai.

Na farko, a zare sirrin a gani. Idan soyayyar ta ci gaba da tafiya yadda take, to sirrin ɗori ne. Wannan shi ne raunin labaran da ake jefa satar amarya ko harin 'yan fashi a tsakiyarsu don kawai a ƙara kashi ɗaya. Idan kuwa sirrin ya shafi halaccin auren ko amanar da ke tsakanin masoya, kamar a gano sun sha nono ɗaya, ko dukiyar saurayi ta haram ce, ko mijin da aka yi wa takaba yana raye, to labarin ya ƙullu.

Na biyu, a duba yadda aka tone sirrin. Marubuci mai adalci yakan watsa alamu tun da wuri, ta yadda idan gaskiya ta fito mai karatu zai waiwaya ya ga ashe an nuna masa bai lura ba. Raunin da ya fi yawa shi ne a kawo wata tsohuwa a gargarar mutuwa ta zayyana komai a shafi biyu, ko mafarki, ko haɗuwar ba-zata a asibiti. Imani da ƙaddara gaskiya ne a rayuwar Bahaushe, amma bai kamata ya zama mafakar marubucin da ya kasa warware abin da ya ƙulla ba.

Na uku, a duba abin da tonon ya yi wa masoya. A nan ne ake gane ko dangantakar ta girma. Budurwar da ta gano cewa saurayinta tsintacce ne, sannan ta zauna ta auna tsakanin halinsa da ta sani da asalin da ba ta sani ba, ta koya wa mai karatu wani abu. Amma sau da yawa marubuta kan kauce wa wannan gwaji, sai a ƙarshe a gano ashe talakan ɗan sarki ne ko ɗan attajiri da ya ɓata. Irin wannan ƙarshe yana rusa saƙon da aka faro da shi. An fara da cewa hali ya fi dukiya da asali, an ƙare da nuna cewa auren bai yiwu ba sai da dukiya da asalin suka bayyana.

Dangane da zargin ɓata tarbiyya kuwa, wanda ya kai ga ƙona wasu littattafai a Kano a 2007, ya kamata a lura cewa labarin da ya cika waɗannan sharuɗɗa yana goyon bayan bincike ne kafin aure, yana kuma nuna cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Bambancinsa da tsohuwar al'ada shi ne ya ba yarinya da yaro hannu a binciken, maimakon a bar shi ga iyaye kaɗai. Batun bai tsufa ba, domin a 2024 gwamnatin Jihar Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da na ƙanjamau da ciwon hanta da nau'in jini mai jawo sikila. Wato abin da a da ake aika tsofaffi su jiyo a unguwa, yanzu wani ɓangarensa a asibiti ake gano shi.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar jan rai da ɓoyon sirri, an kuma nuna cewa tushensu a labarin soyayya na Hausa yana cikin al'adar binciken aure da hukunce-hukuncen shari'a, musamman a wuraren da baƙi suka taru irin Makera. An ga yadda Jiki Magayi ya ɗaure sirri da soyayya amma bai bar soyayyar ta girma ba, da yadda littattafan 1980 zuwa 1982 suka samar da ɓangarorin biyu a rarrabe, da kuma yadda kasuwa ta ƙarfafa haɗa su daga baya. Daga ƙarshe an fitar da ma'auni uku na tarke. A babi na huɗu za a ɗora waɗannan ma'aunai a kan taurari mata, don a ga ko su ne ke gudanar da binciken ko kuwa a kansu ake yin sa.